Da wane kuɗi leburan Ingila suka kwashi iyalansu zuwa ƙarshen duniya a jirgin ruwa?

Malam Habibu:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare, kuma idan muka zo kan yadda Turawan Ingila suka bazu a duniya a ƙarni na 19, littattafan da muke amfani da su sukan ce talakawa sun yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, daga nan sai su wuce wani babin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin kuɗin. Leburan gona a kudancin Ingila a shekarun 1830 yana samun sule 8 ko 9 a mako, a irin kuɗin nan na fam da sule da kwabo da iyayenmu suka kashe kafin naira ta shigo a 1973, wanda sule 20 ke yin fam ɗaya. Ke nan duk abin da zai tara a shekara bai wuce fam 21 zuwa 23 ba, ko da bai yi fashin mako ɗaya ba, alhali kuɗin jirgi na babban mutum ɗaya zuwa Ostireliya ya kusa cinye wannan gaba ɗaya.

To, magidancin da ke da mata da 'ya'ya huɗu ko biyar, wanda ladansa da kyar yake saya musu burodi, a ina ya samo kuɗin kwashe su duka? Tambayata ta biyu kuma ita ce, yaya mata da ƙananan yara suka rayu wata uku ko huɗu a cikin jirgin da ba shi da inji, iska ce kaɗai ke kora shi? Ina roƙon waɗanda suka yi nazarin wannan zamani su taimaka mini da bayanin da zan iya tsayawa a kansa.

Alhaji Ɗanjuma:

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Lissafinka daidai ne. Leburan gona bai biya ba, wani ne ya biya masa, kuma wanda ya biya ɗin shi ne ya zaɓa masa ƙasar da zai je.

Amma bari in fara cire waɗanda suka biya da kansu, domin su ne suka fi yawa. Waɗannan masu sana'ar hannu ne, kafintoci da maƙera da magina, da ƙananan manoma da suka sayar da dabbobinsu da kayan ɗakinsu, kuma galibinsu Amurka suka nufa saboda araha. Jiragen da ke kawo auduga daga Amurka da katako daga Kanada sukan koma cikinsu kusan wayam, sai masu jiragen suka ga gara a kafa gadaje na katako a wurin da aka sauke kaya a cika shi da mutane. Da fam 3 zuwa 5 babban mutum zai tashi daga Liverpool ya sauka Niyu Yok. Sau da yawa mai gida ko babban ɗa ne zai fara tafiya, ya yi aiki, sannan ya aiko da kuɗin sauran.

Leburan gona kuwa labarinsa ya faro ne daga tashin hankalin 1830. A shekarar ce leburan yankunan Kent da Sussex da Hampshire da maƙwabtansu suka tashi suna farfasa injunan casar alkama suna ƙona tarin hatsi, saboda casa ita ce aikin da ke ciyar da su a lokacin sanyi, injin kuma ya zo ya ƙwace ta. Gwamnati ta rataye mutum 19, ta kuma tura kusan 500 zuwa Ostireliya a matsayin fursunoni. Bayan ƙura ta lafa sai masu filaye suka zauna suka yi nasu lissafin. A tsarin Ingila na lokacin, kowane ƙauye ne ke ciyar da matalautansa daga harajin da masu dukiyar ƙauyen ke biya, don haka magidancin da ba shi da aiki nauyi ne a wuyansu kowace shekara, shi da matarsa da 'ya'yansa. Idan aka biya masa kuɗin jirgi sau ɗaya, an rabu da shi har abada.

Shahararren misali shi ne na garin Petworth a Sussex, inda basaraken yankin, Earl na Egremont, tare da limamin cocin garin, Thomas Sockett, suka yi ta tura iyalai daga tashar Portsmouth zuwa Kanada daga 1832 zuwa 1837. Mutum wajen 1,800 ne suka tafi ta wannan hanya, kuma shirin ya tsaya ne bayan rasuwar basaraken. A ganina za a yi wa Sockett adalci idan aka ce ya kula da mutanensa fiye da yadda aka saba a zamanin, domin yana ɗaukar shatar jirgi sukutum, ya sa wanda zai raka su har cikin ƙasar. Sai dai ko shi ma bai ɓoye cewa rage nauyin haraji yana cikin manufar ba. Dokar matalauta ta 1834, wadda ta kafa gidajen aikin nan da ake raba miji da mata da 'ya'ya a cikinsu, ita ma ta ba ƙauyuka izinin cin bashi don fitar da matalautansu, kuma a 1835 da 1836 yankunan Norfolk da Suffolk sun yi amfani da wannan izini sosai. Magidancin da aka ce masa ya zaɓa tsakanin gidan aikin matalauta da jirgin Kanada, ba za a ce zaɓi na gaske aka ba shi ba.

Babbar hanyar da ta kai mutane Ostireliya da Niyu Zilan daban ce. Wani mutum mai suna Edward Gibbon Wakefield ya kawo shawarar cewa a daina raba filaye kyauta a ƙasashen da aka mamaye, a riƙa sayar da su da tsada, kuɗin kuma a yi jigilar lebura da shi. Hikimarsa ita ce, attajirin da ya sayi fili zai sami masu yi masa aiki, shi kuma leburan ba zai iya mallakar fili nan da nan ba, dole ya yi wa wani aiki na wasu shekaru. A 1831 aka sa farashin eka ɗaya a kan sule 5 a Ostireliya, a 1842 ya koma fam ɗaya. A 1840 aka kafa hukuma a Landan mai kula da filayen ƙasashen mallaka da ƙaura, ita ce ke ɗaukar shatar jirage, ita ce kuma ke tantance masu tafiya.

Tantancewar ba ta wasa ba ce. Ana son ma'aurata matasa masu ƙarfi, leburan gona da makiyayan tumaki da 'yan mata masu aikin gida, kuma sai mutum ya kawo shaidar hali daga wanda ya yi wa aiki da limamin coci, da shaidar lafiya daga likita. Sannan sai ya nuna kayan sawa: namiji riga 6, safa ƙafa 6, takalmi ƙafa 2 da cikakkiyar sutura kashi 2, mace ma da nata adadin. Ga wanda riga biyu gare shi a duniya wannan babban shinge ne, shi ya sa sau da yawa hukumar na biyan kuɗin jirgi, ƙauye kuma ya yi karo-karon tufafi da kuɗin tafiya zuwa tashar jirgin ruwa. Mafi talauci a cikin talakawa, wato tsofaffi da marasa lafiya da masu tarin ƙananan yara, su ne aka bari a baya.

A shekarun 1870 sai ƙungiyar ƙwadago ta shigo cikin lamarin. Joseph Arch ya kafa ƙungiyar leburan gona a yankin Warwickshire a 1872, kuma da manoma suka sallami dubban 'yan ƙungiya a gabashin Ingila a 1874, ƙungiyar ta ga cewa duk leburan da ya bar ƙasar yana ƙara wa wanda ya rage daraja. A daidai lokacin gwamnatin Niyu Zilan, bisa shirin Julius Vogel na ciyo bashi don shimfiɗa layin dogo da cika ƙasar da mutane, ta mayar da tafiyar kyauta daga ƙarshen 1873. Jami'an ƙungiyar suka zama wakilan ɗaukar mutane, wasunsu ma suka shiga jirgi tare da tawagarsu. A 1874 kaɗai sama da mutum 30,000 ne suka isa Niyu Zilan da kuɗin gwamnati.

Malama Rakiya:

Alhaji ya gama da batun kuɗi, ni kuma zan ɗauki tambaya ta biyu, domin aikina jinya ne, kuma ɓangaren lafiyar yara a waɗannan jirage shi ne ya ja hankalina.

Iyalin da aka amince da su sukan fara sauka a wani babban masauki na hukuma kusa da tasha, irin na Plymouth ko Birkenhead, inda za a duba lafiyarsu, a buɗe akwatunansu a ƙidaya tufafi, a kuma raba su rukuni-rukuni na mutum shida zuwa goma masu cin abinci tare. Manyan akwatuna can ƙasan jirgi ake jibge su, ba a fito da su sai jefi-jefi don a canza tufafi, saboda haka uwa takan ware abin da za su sa na makonni a cikin jakar zane guda.

Wurin kwanansu shi ne benen da ke ƙarƙashin saman jirgin, tsayinsa daga ƙasa zuwa rufi kamar ƙafa 6 ko fiye da haka kaɗan. A jiragen hukuma an raba shi uku: samari a gaba, ma'aurata da yara a tsakiya, 'yan mata a baya can, ƙarƙashin kulawar wata dattijuwa da ke kulle ƙofarsu da dare. Gadajen katako ne hawa biyu a jere a jikin bango, dogon teburi kuma ya bi ta tsakiya. Rabon babban mutum tsawon ƙafa 6 ne da faɗin inci 18, wato bai kai faɗin dardumar salla ba, miji da mata kuma su sami faɗin ƙafa 3 tare da jaririnsu, sauran yaran a gadon da ke ƙasa ko sama da su. Labule ne kawai tsakaninsu da maƙwabta, kuma a nan mace za ta tuɓe ta sa kaya, a nan za ta shayar. Iska da haske ta ƙofofin da ke rufin suke shigowa. Idan teku ta yi fushi sai a rufe waɗannan ƙofofi a danne su, wani lokaci kwana biyu ko uku, mutum ɗari uku a cikin duhu da amai da bokitan bahaya da ke kifewa, ruwa kuma yana tsiyayowa a kan shimfiɗa.

Duk da haka akwai tsari, kuma tsarin ya ceci rayuka. Ana tashi ƙarfe 7 na safe, a naɗe shimfiɗa, a share ƙasa a kankare ta kafin karin kumallo da ƙarfe 8. Abincin rana ƙarfe 1, na yamma ƙarfe 6, ƙarfe 10 kowa ya kwanta. Akwai ranakun wanki da ranakun shanya katifu a sama. An hana shan taba da kunna kowace irin wuta a ƙasa, sai fitilun da ke kulle waɗanda 'yan doka ke riƙe da mabuɗinsu, su kuma 'yan dokar daga cikin magidanta ake zaɓensu. Akan naɗa malami ya koyar da yara, manya da yawa ma a cikin jirgi suka fara koyon rubuta sunansu. Shugaban duk wannan shi ne likitan jirgi, wanda hukuma ce ta ɗauke shi aiki ba mai jirgi ba, kuma ana biyan ladansa ne bisa yawan mutanen da ya sauke da ransu. A nan nake ganin dabarar take, domin an ɗaure aljihun likita da ran fasinja.

Abincin kuwa naman shanu ne da na alade da aka jiƙa da gishiri a cikin ganguna, da busasshen biskit mai taurin gaske, da fulawa, shinkafa, busasshen wake, kitse, zabibi, shayi da sukari, da ruwan lemun tsami don kare ciwon da ke ruɓar da dasashi. Kowane rukuni yana da shugaba da ke karɓo rabon mako, a kwaɓa abin da za a kwaɓa, a sa a jakar zane mai lamba, ya kai wa kuku ya dafa. Ruwan sha kusan lita uku da rabi ne ga babba a rana, har da na girki, daga gangunan katako da ke wari bayan 'yan makonni. Abin mamaki shi ne, leburan da a gida sai ya yi mako bai ga nama ba, a jirgi kusan kullum yana ci, har wasu suka sauka da ƙiba.

Yara ne wannan abinci bai yi wa rana ba. Ɗan da aka yaye, mai shekara ɗaya zuwa biyu, cikinsa ba ya ɗaukar naman gishiri da busasshen biskit, madarar shanu kuma babu, uwar da ke fama da jiri da amai nononta yakan ƙafe. Da jirgi ya shiga yankin zafi sai gudawa ta fara ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma wani yaro ya shigo da ƙyanda ko tarin shiƙa a jikinsa ba a gane ba a tasha, babu inda za a killace shi da zai hana ta zagaye ɗakin. Jirgin Marco Polo, wanda ya yi suna a 1852 saboda ya je Melbourne a Ostireliya ya koma Liverpool cikin ƙasa da wata shida, ya rasa yara sama da 50 a tafiyar, akasarinsu da ƙyanda, amma saurinsa aka yi ta yabo. Gawar yaro akan ɗinke ta cikin zane mai kauri tare da wani abu mai nauyi, a yi addu'a, a zura ta teku, jirgi bai tsaya ba.

Shekarar 1852 ɗin ita ce mafi muni. Zinarin da aka gano a yankin Biktoriya na Ostireliya a 1851 ya sa jirage sun yi ƙaranci, sai hukuma ta ɗauki manyan jirage masu bene biyu na fasinja ta kuma sassauta ƙa'idar yawan yara. Ɗaya daga cikinsu, jirgin Ticonderoga, ya tashi daga Birkenhead da mutum kusan 800, galibinsu mutanen Sikotlan, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya kashe wajen 100 kafin su isa, wasu da dama kuma suka mutu a wurin da aka killace su a bakin gaɓa. Bayan wannan ne aka daina ɗaukar jirage masu bene biyu, aka kuma koma ƙin karɓar iyalan da ƙananan yaransu suka yi yawa.

Abin da zan ƙara a kan maganar Alhaji shi ne, gajeriyar tafiyar Amurka ta makonni biyar ko shida ta fi doguwar rashin tsari. A can ba hukuma ce ta ɗauki jirgin ba, ɗan kamasho ne ke sayar da tikiti, kuma kafin dokar 1842 fasinja ne ke zuwa da abincinsa, ya yi layi a murhun da ke saman jirgi, wanda ba shi da ƙarfin ture wasu ya kwana da ɗanyen gari. Har zuwa farkon shekarun 1850 akan haɗa baƙi maza da mata a gado ɗaya mai cin mutum huɗu.

Malam Habibu:

Allah ya saka muku da alheri, Alhaji da Malama. Bayanin likitan da ake biya bisa yawan masu rai ya warware mini abu da yawa. Sai dai ban ji kun ambaci nutsewar jirage ba, alhali shi ne abin da ya fara zuwa mini a zuciya. Shin haɗarin teku bai kai na cuta ba ne? Kuma me ya sa aka ci gaba da amfani da jiragen da iska ke korawa har shekarun 1870, bayan jiragen tururi sun daɗe da fitowa?

Injiniya Lawal:

Malam Habibu, tambayoyin nan biyu amsarsu a hanya ɗaya take, wato hanyar da jirgin ke bi. A Tekun Atlantika jiragen tururi sun ƙwace kasuwar fasinja tun shekarun 1860, domin tafiyar ta koma kusan mako biyu. Zuwa Ostireliya kuwa injin wancan zamani yana cin kwal da yawa, har idan aka loda wanda zai isa babu sauran wurin kaya, kuma mashigin Suwez da aka buɗe a 1869 bai dace da jirgin da ba shi da inji ba. Iska kyauta ce, gwamnatin da ke biyan kuɗin dubban mutane kuma araha take nema, shi ya sa aka ci gaba da su har cikin shekarun 1880.

Jirgin yakan gangara kudu ta gefen tsibiran Madeira da Kef Bade, ya ratsa yankin tsakiyar duniya inda iska kan ɗauke ɗif na kwanaki, zafi ya narkar da kwaltar da aka liƙe katako da ita, sannan ya karkata har kusa da gaɓar Burazil kafin ya juya gabas. Bayan da John Towson na Ingila ya fitar da lissafinsa a 1847 mai nuna cewa hanya mafi gajarta ita ce a yi kudu sosai, kyaftin-kyaftin suka daina tsayawa a Kef Tawun, suna wucewa can ƙasa da Afirka ta Kudu inda iskar yamma ke kaɗawa da ƙarfi ba ƙaƙƙautawa. An rage makonni, amma mutanen da suka gama gasuwa a zafi sai ga su cikin sanyi da ƙanƙara, wani lokaci har suna hango duwatsun ƙanƙara a kan ruwa, kuma sukan yi wata uku ba su taka ƙasa ba.

Gaskiya ne cuta ta fi kashe mutane idan aka haɗa jimla, kuma mafi yawan jirage sun isa lafiya. Amma ina da ɗan ja a kan yabon da Malama ta yi wa tsarin hukuma, domin likita da tsafta ba su hana jirgi cin wuta, kuma doka ba ta tilasta a ɗauki kwale-kwalen ceto da za su ishi kowa ba. A ranar 4 ga Agusta 1845 jirgin Cataraqui, ɗauke da iyalan da aka biya wa kuɗi zuwa Melbourne, ya daki duwatsu a tsibirin King cikin dare da guguwa, saura kaɗan ya isa. Mutum wajen 400 suka mutu, 9 suka tsira, kuma ɗaya ne kacal daga cikin masu ƙaurar. A Janairun 1873 jirgin Northfleet yana tsaye a kan anga kusa da Dungeness, bai ko bar ruwan Ingila ba, ɗauke da leburan da za su gina layin dogo a tsibirin Tasmaniya na Ostireliya da iyalansu, wani jirgin tururi na Sifen ya banke shi ya gudu, mutum 293 suka halaka. A Nuwamban 1874 jirgin Cospatrick, mai zuwa Auckland a Niyu Zilan, ya kama da wuta tsakar dare a kudu maso yammacin Kef Tawun, kuma cikin mutum sama da 460 uku ne suka rayu, dukansu ma'aikatan jirgin.

Wani abin da tsarin da Alhaji ya bayyana ya haifar shi ne, da yake ƙauye guda ne ke tura mutanensa tare a jirgi ɗaya, idan asara ta zo a wuri ɗaya take sauka. Ƙauyen Tackley a yankin Oxford ya rasa mutum 42 a Cataraqui. Ƙauyen Shipton, shi ma a yankin, ya rasa 17 a Cospatrick, kuma har yau akwai abin tunawa da su a filin ƙauyen. Labarin kansa yakan ɗauki watanni kafin ya iso gida a zamanin da babu wayar tangarahu zuwa can.

Malam Isufu:

Na karanta duk bayanan, kuma ina ganin akwai wani mai biya da ba a ambata ba. Alhaji ya ce kuɗin jirgin ya fito ne daga sayar da filaye, to filayen na wane ne? A Ostireliya gwamnatin Birtaniya ta ɗauki ƙasar a matsayin mallakar sarautarta ba tare da wata yarjejeniya da 'yan asalin ƙasar ba, don haka duk ekar da aka sayar don jigilar lebura an raba wasu ne da wurin farautarsu da ruwan shansu. A Niyu Zilan an yi yarjejeniyar Waitangi da sarakunan Mawori, 'yan asalin ƙasar, a 1840, amma a duba cinikin 1848, inda wakilin gwamnati ya sayi fili wajen eka miliyan 20 daga ƙabilar Ngai Tahu a kan fam 2,000. Shekara biyu bayan haka, a Disamban 1850, jirage huɗu na farko suka sauke mutanen Ingila a tashar Lyttelton, kuma ƙungiyar da ta kawo su tana sayar da eka ɗaya a cikin wannan fili a kan fam 3. Bayan yaƙe-yaƙen shekarun 1860 kuma an ƙwace sama da eka miliyan 3 a Waikato da Taranaki da wasu yankuna bisa dokar 1863.

Ba ina ɗora wa leburan Oxford laifin abin da aka ƙulla a ofisoshin Landan ba ne, domin shi ma kora ce ta fitar da shi daga ƙauyensu. Amma idan Malam Habibu zai koyar da wannan darasi, ya kamata ɗalibai su ga lissafin har ƙarshensa. A ƙidayar 1858 Turawa da Mawori sun kusa yin kunnen doki a Niyu Zilan, kowanne bai kai 60,000 ba. Zuwa 1881 waɗanda ba Mawori ba sun doshi rabin miliyan.

Alhaji Ɗanjuma:

Malam Isufu, ban musa ko ɗaya ba, kuma Wakefield da kansa ya gina tsarinsa ne a kan samun fili da arha a sayar da tsada. Abin da zan ƙara shi ne dalilin da ya sa mutane suka ci gaba da shiga jiragen duk da labarin Cospatrick ya karaɗe jaridu. Wasiƙun waɗanda suka riga suka isa su ne suka fi kowane wakilin gwamnati tasiri, domin akan karanta su a bainar jama'a a ƙauye, jaridar ƙungiyar leburan ma tana buga su. Abin da suke maimaitawa shi ne aikin awa takwas, da naman tumaki a kowane abinci, da ladan kwana biyu da ya kai na mako guda a Ingila, da kuma cewa ba sai mutum ya cire hula ya rusuna wa mai gona ba. Da yawa sun mallaki 'yan ekoki da saniya cikin shekaru kaɗan, abin da kakanninsu ba su taɓa samu ba. Waɗanda suka makara kuwa sun tarar da wani yanayi daban, domin daga 1879 tattalin arzikin Niyu Zilan ya karye, aikin layin dogo ya ja baya, gwamnati ta taƙaita tafiyar kyauta, kuma a ƙarshen shekarun 1880 masu barin ƙasar sun fi masu shigowa yawa, akasarinsu suka sake shiga jirgi zuwa Melbourne da Sidni neman aiki.